Kafa biyu ga iska: yadda ake raba banɗaki da danshi da fumfuna

Makewayin gidajenmu na da bai san fumfuna ba, kuma rana da iska ne suka kare shi. Wuri ne da aka kewaye da katanga ko zana a can ƙarshen gida, samansa a buɗe, an zuba tsakuwa ko an kafa dutse inda mai wanka zai tsaya, ruwa ya bi rariya ya fice. Ko mutum goma suka yi wanka da safe, kafin azahar wurin ya bushe. Yanzu gini ya sauya. Wanda duk ya tashi gina ɗaki a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, musamman ɗakin amarya ko na haya, so yake ya haɗa ciki da falo da banɗaki a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ba a ga laifinsa ba: mace ta huta da ratsa tsakar gida cikin dare, tsoho da majinyaci sun sami sauƙi, ga sutura. Sai dai da aka shigo da makewayi cikin ɗaki, ruwansa aka ɗauko, aka baro abin da ke busar da shi. An rufe sama da kwano da silin, an manna tayil, an bar 'yar ƙaramar taga guda wadda sau da yawa ma a rufe take. Bayan damina biyu sai silin ya yi baƙi, fenti ya fara ɓarewa, tufafin da ke durowar da ta jingina da bangon su ɗauki wari. Banɗakin da aka rufe samansa kafa biyu yake bukata, ɗaya a ƙasa wadda iska za ta shigo, ɗaya a sama wadda za ta fita, kuma kuɗin da aka zuba a fenti da maganin wanki kafin a samar da waɗannan biyun za a sake zuba irinsa baɗi.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. A ɗauki banɗaki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2, daga daɓe zuwa silin kuma mita 2.7. Iskar da ke cikinsa ta kai kimanin lita 8,000. Ita iska tana da iyakar ruwan da take iya sha, iyakar kuma tana bin zafinta: lita 1,000 mai zafin digiri 30 tana ɗaukar kusan giram 30, in ta sauko digiri 20 sai giram 17. Ke nan iskar ɗakin baki ɗaya, ko da a bushe take ƙayau, ba za ta sha fiye da giram 240 ba, abin da bai cika rabin ledar fiya wata ba. A tsakiyar damina kuwa iska takan shigo ne ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na abin da za ta iya ɗauka, gurbin da ya rage bai wuce giram 60 ba. To, ruwan da ya kwanta a daɓen wannan banɗaki bayan an yi wanka, ko da kaurinsa kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ya kai giram 300, ba a ma zo kan na bango da tawul da bokitin da aka bari a buɗe ba. Kafin ya bushe an shiga tsarki, an yi alwala, an wanke yaro. Iskar da aka kulle tana ƙoshi cikin 'yan mintoci, daga nan ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikin filasta da silin da katakon ƙofa. Hanya ɗaya ce: a fitar da iskar da ta ƙoshi, a shigo da sabuwa, a yi ta maimaitawa har wurin ya bushe.

Wani zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce, fumfuna matsalar mutanen Legas da Fatakwal ce. Wannan magana ta yi daidai da watan Janairu, amma ba ta yi daidai da Agusta ba. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwa nesa ba kusa ba, yankin Funtuwa da Faskari da Sabuwa yakan samu wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Wata huɗu na laima sun ishi fumfuna ta kafu. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka ne fumfuna ke samun gindin zama; banɗakin da ba shi da mafitar iska kuwa yakan shafe damina bai bushe ko yini ɗaya ba. Hunturu ma bai kuɓuta ba, saboda lokacin ne ake wanka da ruwan zafi a toshe kowace kafa, tururi ya hau silin mai sanyi ya koma ruwa. Gidan da ake wankan jego ya fi kowanne: ruwa tafasasshe safe da yamma har kwana arba'in, a ɗaki rufaffe, jariri kuma yana kwance a bayan ƙofar. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari da cututtukan numfashi da tashin asma. Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta wuce ta kyawun bango.

Kafin a kira magini, a fara gane irin danshin, domin iri uku ne, kuma ɗaya kawai iska take magancewa. Na tururi yakan bayyana a sama, ɗigo-ɗigon baƙi a silin da kusurwoyi da bayan ƙofa. Na yoyo yakan tsaya wuri guda, kusa da inda bututun ruwa ya bi cikin bango ko inda kwano ya huje, kuma ba ya jiran damina idan na famfo ne. Na uku daga ƙasa yake hawowa, yana cin gindin bango zuwa abin da bai cika wuce mita ɗaya ba, filasta tana kumbura, farin gishiri yana fitowa. Ana yawan ganinsa a gidajen da aka gina kusa da fadama ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba, ko inda sokawe ya matso jikin gini. Gwajin bambance su mai sauƙi ne. A manna ɗan yankin leda a bangon, a liƙe gefensa huɗu da salatif, a bar shi kwana biyu. In raɓa ta taru a fuskar da ke kallon ɗaki, daga iska take. In a ƙarƙashin ledar ta taru, daga cikin bango ruwan yake fitowa, sai a nemi mai gyaran famfo ko a duba rufi da magudanar waje tukuna.

Idan an tabbatar na iska ne, aikin yana farawa daga ƙofa. Mai huda gwangwanin madara ya san huda ɗaya ba ta zubar da komai sai an yi ta biyu, haka banɗaki yake: iska ba ta fita ta taga sai wata ta sami hanyar maye gurbinta. Saboda haka a bar tazarar santimita 1.5 zuwa 2 tsakanin ƙasan ƙofa da daɓe, ko a sa kafinta ya yi wa ƙasan ƙofar jerin tsagu masu karkata da ba a hango ciki ta nan. Wannan tazara tana kuma hana ƙasan ƙofar katako shan ruwa. Mafita kuwa sai a sama, domin iska mai ɗumi da tururi sama take tashi. A banɗakin da muka ɗauka misali, a fara tagar daga tsayin mita 1.8, ta ƙare a 2.4, faɗinta santimita 60, yadda abin da ya rage tsakaninta da silin ba zai wuce santimita 30 ba. Tagar da aka sa a tsakiyar bango tana barin tururi ya taru a samanta, nan ne kuma baƙin ke fara fitowa. A kuma lura da irin tagar: ta alminiyon mai zamewa gefe rabinta kawai ke buɗewa, don haka sai an ninka girmanta, alhali mai jerin gilasai masu karkata ko bulo mai huda suna iya zama a buɗe dare da rana. Bangon da za a sa ta ma yana da muhimmanci, kuma nan ne magina da yawa ba sa tsayawa tunani. Da damina iska daga kudu maso yamma take busowa, hadari kuma daga gabas yake tasowa. Tagar da ke bangon kudu ko yamma iska za ta riƙa shigowa ta cikinta, ta tura warin da danshin ta ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakin kwana. Bangon arewa ya fi dacewa da mafita. Na gabas ma ya yi, in an yi masa 'yar rumfar kwano ko kankare ta tare feshi. In babu zaɓi sai kudu ko yamma, a sa bulo mai huda guda a ƙasan wannan bangon na waje, a rufe shi da raga, a bar ƙofar ba tazara mai yawa, sannan a ƙara bututu a sama.

Dalilan da ke sa mutane ƙanƙance taga ba na wasa ba ne, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko sutura, wadda tsayin mita 1.8 da gilashi mai duhu ko bulo mai karkatacciyar huda sun gama da ita. Na biyu tsaro. Mutanen wannan yanki sun ga abin da ya ishe su, kuma wanda ya kwana cikin fargaba ba za a ce masa ya faɗaɗa kafa a bangon da ke kallon waje ba tare da hujja ba. Amma iska yawan fili take bukata, siffarsa ba ta dame ta ba. Taga mai tsayin santimita 30 da faɗin 120 daidai take da mai 60 da 60, kuma in an gitta mata rodi an binne bakinsa a kankare, da tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba, ko yaro ba zai ratsa ba. Mafi kyau ma tun wajen zana gida a tsara banɗaki ya kalli tsakar gida. Na uku sauro, kuma shi ma hujja ce mai ƙarfi a inda zazzaɓi ke kwantar da yara kowace damina. Raga ita ce amsa, sai dai raga tana rage ƙarfin iska, ƙurar hunturu kuma tana toshe idanunta, shi ya sa ake ƙara wa taga girma kuma ake goge ragar da buroshi kafin ruwan farko. Ba a ma cika lura ba cewa banɗaki mai duhu da laima shi ne inda sauro ya fi son yini.

Akwai banɗakin da aka saƙala a tsakiyar gini, ɗaki ta nan ɗaki ta can, ba shi da bangon waje ko ɗaya. Ana yawan ganin haka a gidajen haya da ake ƙara wa ɗakuna a gaggauce, yanzu da mutanen ƙauyuka ke tattaruwa cikin gari. Mafitarsa ta rufi ce. A samo bututun roba na inci 4, na inci 6 ya fi, a dasa bakinsa a silin daidai saman wurin wanka, ya miƙe sak ba lanƙwasa, ya ratsa kwano ya zarce mafi tsayin rufin da santimita 50. A sa masa hula da raga a kai, a liƙe inda ya ratsa kwanon sosai don kada a magance danshi a jawo yoyo, a kuma shafa wa ɓangaren da ke waje baƙin fenti. Iskar da ke wucewa ta bakin bututun ita ke zuƙo ta ciki, zafin rana kuma yana ƙara mata gudu. Dabarar ta daɗe da tabbata: a shekarun 1970 Peter Morgan da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu suka ƙirƙiro masai mai bututu, wanda iska ke shiga ta ƙofa, ta gangara cikin rami, ta fita ta bututun da wari, ƙudaje kuma su bi haske su maƙale a raga. Mai shadda a gidansa zai iya yin wannan kai tsaye, ya dasa bututun a kan ramin. Abin da ba a yi shi ne haɗa bututun iskar ɗaki da na numfashin sokawe. Kowanne da nasa, in ba haka ba warin rami zai dawo ɗaki duk lokacin da iska ta juya.

Fankar zuƙe iska tana da amfani, amma a ganina mataimakiya ce ga taga da bututu, saboda wutar lantarki a garuruwanmu ba abin dogaro ba ce, danshi kuwa ba ya jiran a kawo wuta. Wanda zai saya a Funtuwa ko Malumfashi ya duba abin da aka rubuta a kwalinta. Dokar gini ta Ingila ta ƙayyade lita 15 a kowace daƙiƙa ga banɗaki, wato kubik mita 54 a awa, kuma wannan ya isa ya sauya iskar ɗakinmu na misali cikin kimanin minti 9. Irin waɗannan ƙananan fankoki ba su cika wuce wat 30 ba, akwai kuma masu aiki da bolt 12 waɗanda batirin sola ke ɗauka ba wahala. A kafa ta a sama, nesa da ƙofa, don iska ta ratsa ɗakin kafin ta fita, kuma nesa da inda ruwa ke fantsama; makunninta ya kasance a waje, mai aikin wuta da ya san aikinsa ya haɗa. A bar ta tana aiki minti 20 zuwa 30 bayan wanka. Kuskuren da ya fi muni shi ne a huda silin a sa fanka ta riƙa hura tururi cikin sararin da ke tsakanin silin da kwano. Ɗakin zai yi kamar ya gyaru, a can sama kuwa katako yana ruɓewa, ƙusa tana tsatsa, gara tana samun abin da take so. Dole bakinta ya fita waje. Don a san tana ja, a kara mata 'yar takarda mara nauyi: in ta riƙe, tana aiki, in ta faɗi, ko ta toshe ko ƙofar ba ta da tazara.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk wannan ita ce a ce iskar waje ma a Agusta jiƙe take, me za ta busar? Gaskiya ne ba ta kai ta rani ba. Amma iskar da ta ɗauki kashi 75 cikin ɗari tana da sauran gurbi, ta cikin rufaffen banɗaki kuwa ta kusa cika, kuma da rana ta ɗaga iskar waje takan yi zafi gurbinta ya ƙaru. Shi ya sa shanya ke bushewa a ƙarƙashin baranda ko a marka, in dai iska na kaɗawa. Abin da damina ke nufi shi ne ana bukatar iska mai yawa, kuma hantsi zuwa la'asar ne lokacin da ya fi kamata kowace kafa ta kasance a buɗe. Da hunturu sai a juya: a rufe taga lokacin wanka don sanyi, a buɗe da an fito, busasshiyar iskar za ta gama aikin cikin ɗan lokaci. Abu ɗaya ne ba a sassauta a kansa, shigar da kaskon garwashi cikin rufaffen banɗaki don ɗumama mai jego ko yaro. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sumar da mutum kafin ya farga, tana kuma kisa.

Duk ruwan da aka kora ta magudana, an rage wa iska aiki. Mai sa tayil ya karkata daɓe zuwa magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma a gwada da bokitin ruwa tun yana nan bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Bayan wanka a ja ruwan da tsintsiyar kwakwa ko abin jan ruwa na roba. Bokiti da baho da duro da ake tara ruwa saboda famfo ba ya zuwa kullum, a rufe su. Tawul da jiƙaƙƙen wanki su fita igiya. Durowa kuma a janye ta daga bangon banɗaki ko da taƙi ɗaya ne.

Fumfunar da ta riga ta fito sai an cire ta, amma bayan an buɗe wa iska hanya, in ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba. A kan tayil da siminti, ruwa da omo da buroshi sun isa mafi yawan lokaci. In ta yi kanta, a zuba kofi ɗaya na Hypo ko Jik a galan ɗaya na ruwa, a sa safar hannu da takunkumi, ƙofa da taga a buɗe. Kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin yana tayar da iska mai ƙona huhu. Kada kuma a kankare ta a bushe, ƙwayoyinta za su watsu a shaƙa, kuma mai asma kada ya yi wannan aikin. Silin kwali ko na POP da ta ci har ciki ba ya wankuwa, sai a cire wurin a sauya. Shafa fenti a kanta ɓata fenti ne, za ta ɓullo ta cikinsa. Masu cewa tayil har sama da silin roba sun raba su da matsalar, su duba layukan da ke tsakanin tayil ɗin, su kuma zare falle ɗaya na silin su leƙa. Tayil yana kare bango daga fantsama, amma ruwan da ke cikin iska yana nan, sai dai ya koma inda ido ba ya kai.

Ginin ƙasa yana bukatar ƙarin hattara. Bangon tubali da aka shafe da farar ƙasa, irin wadda Ƙanƙara ta yi suna da ita, yana shan laima ya sake ta in iska ta kaɗa. In aka lulluɓe shi ciki da waje da siminti da fenti mai mai, ruwan da ya sami tsaga ya shiga ba ya fita, gindin bangon ya yi ta laushi a ɓoye har ruwan Agusta ya same shi a haka. A irin wannan gida a yi wa wurin wanka daɓen siminti mai kyau da ya hau bango zuwa ƙirji, a bar saman yana numfashi, a kai bakin rariya nesa da gindin katanga, kuma in rufin azara ne a riƙa duba kawunan azarar da ke saman wurin wanka. Mai sabon gini kuwa, tun ran gini tun ran zane: barin kafar taga lokacin da ake jera bulo ragin bulo ne ma, fasa ta daga baya kuwa sai an biya magini an sake filasta. Ɗan haya da ba shi da ikon fasa bango zai iya rage ƙasan ƙofa da izinin mai gida, ya cire kwali ko tsumman da aka cusa a taga ya sa raga, sannan ya nuna wa mai gidan silin ɗin, domin asarar katako da kwano a kansa za ta faɗa. Lokacin wannan aiki Maris ne da Afrilu, sa'ad da bango ya bushe har ciki, filasta da fenti za su kama, kuma mai hawa rufi zai liƙe bakin bututu ba tare da hadari ya kore shi ba.